Makita RT0700C a hannun mai haɗa akwatin lasifika: abin da take iyawa da inda ƙarfinta ya tsaya

Akwatin lasifika da aka haɗa a gida, tun daga bakin raminsa ake gane wane hannu ya yi shi. Idan an yanka ramin da zarto mai sukuwa, bakin yakan fito da tudu da kwari, wani gefen ya matse lasifikar, wani gefen ya bar kafa har sukuru ya rasa naman da zai kama. Daga wannan kafar iska ke tsiyaya, shi ya sa ake jin wani fito-fito a ƙarƙashin sauti da zarar an ɗaga murya a wurin biki ko wa'azi. Maganin wannan ita ce rauta, injin da ke yanka katako da haƙori mai juyi, wadda kafintocin Garwa da Marwa da suka koyi aiki da Faransanci ke kira defonsez, ƙaramarta kuma aflerez. Wadda ake magana a kanta a nan ƙaramar ce, ƙirar Makita, kamfanin Japan da aka kafa a 1915, mai lamba RT0700C.

Ƙarfinta wat 710 ne, nauyinta kilo 1.8, kaurin jikin injin milimita 65, wato hannu ɗaya na iya zagaye ta. A kanta akwai ɗan faifan sauri mai lamba 1 zuwa 6: lamba 1 juyi 10,000 a minti, 2 juyi 12,000, 3 juyi 17,000, 4 juyi 22,000, 5 juyi 27,000, 6 kuma 30,000. Ba ta zabura idan an kunna ta, a hankali take ɗaukar gudu, kuma tana da abin da ke riƙe mata sauri ko da haƙori ya shiga katako mai tauri. Waɗannan biyun su ne suka raba ta da ƙanwarta 3709, mai wat 530, wadda gudunta ɗaya ne tal, 30,000, kuma take fizgar hannu lokacin tashi. Jiki da gindin RT0700C na alminiyam ne. Ana saita zurfi da wani ɗan maburgi mai haƙora, a kulle da marfin matsi.

Kafin a kai ga aiki, akwai wata matsala da ta fi damun mutanen arewacin Kamaru fiye da na wasu wurare, don muna zaune ne tsakanin kasuwa biyu. Kayan aikin da ke haurowa daga Duwala ta Ngaundere yawanci na awon milimita ne, waɗanda ke shigowa ta Mubi da Yola kuma da yawansu na awon inci ne irin na Ingila, har da kan filogi mai ƙafa uku masu kusurwa wanda ba ya shiga soket ɗinmu mai rami biyu zagayayyu. Filogi ba abin damuwa ba ne, ana yanke shi a sa wani. Abin damuwa shi ne kwalet, ɗan zoben nan da ke damƙe wuyan haƙori. Wannan rauta tana zuwa da zobe na milimita 6 da 8 a wasu ƙasashe, a wasu kuma da na rubu'in inci, wanda yake milimita 6.35. Ido ba ya raba 6 da 6.35. Amma idan ka sa haƙori mai wuyan milimita 6 cikin zoben rubu'in inci, duk yadda ka ɗaure ba zai kama da kyau ba: yana cikin yanka zai riƙa zamowa ƙasa, ramin ya riƙa ƙara zurfi ba ka sani ba, wani lokaci ya fice gaba ɗaya yana juyi dubu ashirin da wani abu. Idan kuma ka tura haƙorin rubu'in inci da ƙarfi cikin zoben milimita 6, zoben zai buɗe ko ya tsage. Mai shago ba lallai ya san bambancin ba, a wurinsa duk «mesh» ne. Don haka a je da ma'aunin kauri, wanda ake kira piye-a-kulis, a auna wuyan kowane haƙori a gaban mai kaya. Wanda zai daɗe yana wannan aiki gara ya mallaki zobba ukun, 6 da 6.35 da 8, ya sa kowanne cikin ɗan kwalinsa da rubutu. Inda aka sami zaɓi, haƙori mai wuyan milimita 8 ya fi, don ba ya lanƙwasa ko karkarwa kamar na 6.

Sa haƙori ma da ƙa'idarsa. A cire filogi tukuna. A tura wuyan har ƙarshe, a ja shi baya kamar milimita 2, sannan a danna makullin sanda a ɗaure noti da sifana. Kada a taɓa ɗaure notin alhali babu haƙori a ciki, zoben zai karye. Zoben wannan rauta gajere ne, ba ya kama wuya da tsawo kamar na manyan injuna, saboda haka garin katako kaɗan a cikinsa ya isa ya sa haƙori zamewa. A busa shi, a goge da ƙyalle busasshe, ba a sa masa mai.

Yanzu ramin lasifika, wanda shi ne dalilin sayen ta. Don ramin inci 15 ko 18, mutum na iya yin nasa kamfas, wato allon da ke zagaya rautar a kan ƙusa ɗaya ta tsakiya. A samu guntun kwantirfilake, allon nan na siraran ɓawon katako da aka haɗa da gam, mai kaurin milimita 6, tsawo santimita 35, faɗi 10. A cire farantin roba na gindin rautar, a yi amfani da shi a matsayin zane, a huda ramukan sukurori a gefe ɗaya na guntun, a ɗaure rautar a kai, a bar haƙori ya huda wa kansa hanya. Daga nan sai a auna inda ƙusar tsakiya za ta zauna. A nan mutane da yawa ke asarar allo guda. Idan rami kake so, ana aunawa ne daga ƙusa zuwa bakin haƙori na waje, wanda ya fi nisa da ƙusar. Misali lasifikar inci 15 da ke son rami mai faɗin milimita 354: rabinsa 177, to daga ƙusa zuwa bakin waje na haƙori 177 ne, wato da haƙorin milimita 6 tsakiyarsa na kan 174. Wanda ya auna zuwa bakin ciki zai tarar raminsa ya ƙaru da milimita 12, kuma ramin da ya yi yawa ba ya komawa. Lambar 354 misali ce kawai, domin lasifikun inci 15 ba bakinsu ɗaya ba, kowane kamfani da nasa. A kifa lasifikar a auna kwandonta ta baya, sannan a gwada a kan tarkacen allo kafin a taɓa na gaske.

Allon milimita 18 ba a yanka shi a zagaye ɗaya da injin wat 710. Milimita 3 zuwa 4 a kowane zagaye, wato zagaye biyar ko shida, faifan sauri a kan 4 ko 5. Kewayen wancan ramin ya kai santimita 111, sau biyar ya haura mita biyar da rabi na yanka, don haka aikin yana son haƙuri. Kunne ne ke gaya maka gaskiya: idan kukan injin ya yi ƙasa, ka cika turawa ko ka cika zurfi, idan ka ji ƙaurin ƙuna kuma bakin ramin ya yi baƙi, ka cika jinkiri ko haƙori ya dakushe. Bayan kowane zagaye a tsaya a kwashe garin da ya cika kwarin, in ba haka ba haƙori zai riƙa niƙa gari yana zafi a banza. A kuma juya baya a warware waya, kada ta naɗe a wuyan injin. Haƙorin ya zama mai tsawon da zai ratsa 18 na allo da 6 na kamfas, wato aƙalla milimita 25 a waje, ba tare da an zaro wuyansa daga zobe don a ƙara tsawo ba. Wannan zaro wuyan shi ne ke karya haƙoran milimita 6.

Zagayen ƙarshe shi ne mai haɗari. Da zarar haƙori ya ratsa, faifan tsakiya, wanda ƙusar ke kansa, ya rabu da allon, sai ya goce, haƙori ya ci bakin ramin. A shimfiɗa wani allon banza a ƙasa, a ɗaure faifan tsakiya a kansa da sukurori biyu, a kuma matse babban allon da matsin ƙarfe. Akwai wata dabara da ta fi sauƙi ga ƙaramin inji irin wannan, musamman ga mai yin akwatuna huɗu ko shida a jere: a yi kwari mai zurfin milimita 6 kawai da kamfas, a bi cikin kwarin da zarto mai sukuwa a fitar da faifan, a kifa allon, a sa haƙori mai boris a ƙasa, boris ɗin ya bi bangon kwarin da aka riga aka yi. Ramin zai fito sumul, injin bai sha wahala ba, haƙori ma ya huta.

A wannan aikin ne ake gane cewa gindin da take zuwa da shi a kwali mafi araha bai isa ba. Da shi, duk lokacin da za ka ƙara zurfi sai ka kashe inji, ka buɗe marfi, ka murɗa, ka kulle, sannan ka karkata rautar ka saukar da haƙori yana juyi cikin katako, abin da ba ya da daɗi kuma yakan bar tabo. Idan an buɗe marfin kuma injin yakan so ya zame ƙasa da nauyinsa, sai an tallafe shi da hannu. Akwai gindi mai nitso, mai hannu biyu da sifirin, wanda ke sauka har milimita 35 kuma yana da matakalar tsayawa. Da shi kana danna ƙasa ka kulle ka ci gaba. Haruffan da ke bin lambar, irin su CX2 ko CX3, su ne ke nuna kayan da ke cikin jakar, kuma suna bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, don haka a buɗe a gani da ido. Ga mai haɗa akwatin lasifika, gindin nitso ba ƙawa ba ne, rabin amfanin rautar na wurinsa. Gindin da ke karkata da wanda ke kai haƙori lungu kuwa, na masu aikin fomaika ne, ba sai an kashe kuɗi a kansu ba.

Masu son lasifika ta nutse ta yi daidai da fuskar akwati su lura da tsari: ana fara yin matakalar waje, sannan a fasa ramin ciki, don in ka fasa rami tukuna babu inda ƙusar kamfas za ta zauna. Amma a allon milimita 18 ba na ba da shawarar matakala ga lasifikar inci 15 ko 18. Bakin kwandonsu yakan kai milimita 10 ko fiye, in ka cire wannan saura 8, kuma a kan wannan ɗan siririn naman ne lasifika mai nauyin kilo goma ko fiye za ta riƙa girgiza. Gara a haɗa allo biyu da gam: na gaba a yanka shi daidai faɗin lasifikar na waje, na baya a yanka shi daidai ramin. Fuska ta yi kauri 36, lasifika ta nutse, kuma noti mai farce ya sami wurin kamawa ta baya. Sukurun katako kai tsaye cikin allo ba ya jure cirewa da mayarwa fiye da 'yan lokuta.

Sauran ayyukan tana yin su ba gardama. Ramin bututun iska, ramin hannun ɗauka, ramin farantin waya na baya, duk da allon zane, wato allon da aka yanka da siffar ramin don boris ya bi, da haƙori mai boris. Daidaita bakin allo bayan an haɗa akwati: a bar kowane gefe ya zarce da milimita 1 ko 2, gam ya bushe, a bi da haƙori mai boris, sai ka rantse allo ɗaya ne. Zagaye kusurwoyi, wanda ke hana akwati ɓarewa a bayan a-kori-kura ko kan amalanke, kuma yake sa kafet ya kwanta lafiya. A nan a rage gudu zuwa 3 ko 4 saboda haƙorin ya fi faɗi, kuma a gwada ko zai wuce ta ramin gindin kafin a saya, don manyan ba sa wucewa. Ƙa'idar tafiya ɗaya ce: a gefen waje na allo ana tafiya saɓanin hannun agogo, a cikin rami ana bin hannun agogo. Wanda ya juya wannan zai ji rautar tana gudu da kanta tana jan hannunsa. A kuma tabbata babu kan sukuru a hanyar haƙori, karo ɗaya da ƙarfe ya isa ya ɓare bakin kabaid, ƙarfen nan mai tsananin tauri da ake liƙa wa haƙori.

Haƙora su zama masu bakin kabaid. Na ƙarfe zalla, gam ɗin da ke cikin kwantirfilake da MDF, allon garin katako da aka matse, yana dakusar da su kafin a gama akwati ɗaya. Jakar nan mai haƙora goma sha biyu da ake sayarwa da araha, huɗu kawai za ka taɓa: miƙaƙƙe na 6, miƙaƙƙe na 10 ko 12, mai boris, da mai zagaye kusurwa. Gara a sayi huɗun masu kyau.

Game da allon kansa, rauta tana son MDF, tana yanka shi kamar sabulu, amma ƙasarmu ba ta son sa. Allo ɗaya na milimita 18, mai santimita 244 da 122, ya kai kilo 40, kuma akwatin da za a ajiye a filin biki cikin damina, ruwa na taɓa gindinsa zai kumbura ya zama kamar burodi. Garinsa kuma laushi ne da shi kamar hoda, da sinadarin gam a ciki. A haɗa shi da ƙurar hunturu a ga abin da ƙirji zai gani. Takunkumi da tabarau da toshin kunne wajibi ne. MDF na akwatin ɗaki ne. Na haya da na masallaci da ake fitarwa waje, kwantirfilake ya fi, ga sauƙin ɗauka ga riƙe sukuru. Sai dai na kasuwa, wanda ake yi da katako mai laushi irin ayus, yakan zo da kogo a tsakiyar ɓawo, kuma wanda aka ce 18 ne sau da yawa 17 ne ko ƙasa. A auna kafin a yanka kwarin da allo zai shiga. Idan haƙori mai boris ya faɗa kogo zai ci baki, don haka a shafa yatsa a kan hanyar boris tukuna, a cike kogon da garin katako da gam.

Sai maganar wuta. Wat 710 a kan volt 220 bai wuce amfiya uku da ɗan kai ba, kowace soket za ta ɗauka. Amma abin da ke riƙe mata sauri na lantarki ne mai laushi, ba ya son wutar da ke hawa da sauka. Ƙaramin janaretan nan na shagon aski ba nata ba ne. A nemi mai kVA 2 ko kusa da haka wanda ke daidaita wutarsa da kansa, kuma kada a raba shi da injin walda. Wayar ƙari ta zama mai murabba'in milimita 1.5, a warware ta duka daga kan gangarta. Babban abin lura shi ne makunninta na dannawa ne, yana zama inda aka bar shi. Idan wuta ta ɗauke kana tsakiyar yanka ka ajiye ta ba ka kashe ba, wuta na dawowa za ta tashi a kan teburi da haƙori a waje. Sabuwar ƙirarta, RT0702C, an sa mata abin da ke hana wannan, ba ta tashi sai an kashe an sake kunnawa. A garin da ɗaukewar wuta ba baƙon abu ba ne, musamman a watannin Maris da Afrilu, wannan bambancin kaɗai ya isa a fifita 0702 idan an same ta. RT0700C ba ta da fitila a ƙasa, kuma gindin alminiyam yana rufe layi, sai an sunkuya. A yi aiki inda haske yake. A zafin bazara da ke haura digiri 40, jikinta yakan yi zafin da hannu zai ji bayan rami biyu ko uku. A cire ta daga katako a bar ta ta yi juyi a banza na minti ɗaya, fankarta ta huce ta, kuma kada tafin hannu ya toshe ramukan iska na sama.

Saboda sunan da ta yi, masu kwaikwayonta sun yi yawa. Wasu da sunansu na daban suke zuwa, ba su yaudari kowa ba, kuma gindinsu da nata sukan yi musaya. Wasu kuwa launi da suna suke sata. A sa a kunna a shago: ta gaske a hankali take tashi, faifan sauri na canza kukanta a kowace lamba, kuma idan ka kama sandar ka girgiza, bayan an cire filogi, ba ta motsi gefe. A sa haƙori miƙaƙƙe a juya da hannu a dubi bakinsa ko yana rawa. Sandar da ke rawa ba za ta taɓa ba da rami mai tsabta ba.

Abin da rauta ba za ta yi maka ba shi ne gyara akwatin da aka yi da ka. Lasifika kowace tana da lambobinta masu nuna halinta, Fs da Qts da Vas, waɗanda suka samo asali daga aikin Neville Thiele na 1961 a Ostiraliya da na Richard Small a farkon shekarun 1970, kuma manhajar WinISD ta kyauta tana lissafa girman akwati daga gare su. A ƙa'ida ta kusa, mai Qts ƙasa da 0.4 ta fi dacewa da akwati mai bututun iska. Cikin akwati mai santimita 60 da 45 da 40 lita 108 ne. A cire abin da lasifika da tokarai da bututu suka cinye, ya rage kusan lita 100. Don a saita shi a kan 45 Hz da bututun roba biyu irin na ruwa, masu faɗin ciki santimita 9.5, kowanne zai zama kusan santimita 14. Bututun da ake kira na 100, faɗinsa na waje ke nan, shi za a bi wajen yanka rami, na ciki kuma shi ke shiga lissafi. Wanda ya gajarta bututu ya ɗaga sautin sama, ƙasan ya ɓace, kuma takardar lasifika ta riƙa dukan iska a banza har ta yage. A zagaye bakin bututun da rautar, yana rage hucin iska. Gefunan akwati kuma gam fari da sukuru mai kaurin milimita 4 da tsawo 50 kowane santimita 15, bayan an huda musu hanya da milimita 3. A hunturu gam yana yin fata cikin 'yan mintoci, don haka gefe ɗaya-ɗaya ake shafawa.

Wanda sana'arsa ƙofofi ne da gadaje na iroko da sapeli, ko mai fitar da manyan akwatunan inci 18 goma-goma a wata, wannan ba injinsa ba ne, ya nemi babbar defonsez mai wat 1,500 ko fiye da ke ɗaukar wuyan milimita 12. Wanda kuma rami biyu kawai yake so a shekara, ya kai allonsa wurin kafinta mai rauta, ya tafi da lasifikar a hannu don a auna a gabansa. Tsakanin waɗannan biyun, mai yin akwati biyu ko huɗu a wata da 'yan kantoci da tebura a gefe, ita ce daidai shi, da sharaɗin gindin nitso da zobba ukun nan. Ya haɗa da gawayin inji guda biyu na ajiya tun ranar saye, don ba kowane shago ke da girmansu ba. Idan tartsatsi ya fara yawa ta ramukan sama ko injin ya riƙa yankewa, a buɗe murfin roba na gefe biyu a canza su tare, ba ɗaya ba.